Gawa a Gonar Salihai: Ƙagaggun Labaran Binciken Kisan Kai a Cikin Amishawan Amurka

Galibin littattafan nan ta ƙofa ɗaya suke shiga labari. Asuba ce, cikin tsananin hunturu, dusar ƙanƙara ta lulluɓe gonaki fari fat. Wani manomi mai dogon gemu, marar gashin baki, ya fito da fitilar ƙwai a hannu zai tafi tatsar shanunsa, sai ya yi kiciɓis da gawa a bayan barga. Gidansa babu wayar tarho, balle mota, saboda haka ya aiki yaro ya sheƙa zuwa wata 'yar rumfa a bakin hanya, inda maƙwabta ke tarayya a kan waya guda. Ba a jima ba motar 'yan sanda ta iso da jiniya, dawaki suka razana, mata suka janye 'ya'yansu zuwa cikin ɗaki. Ɗan sanda ya fito da ɗan littafinsa ya shiga jero tambayoyi: wa ya yi wa mamacin ganin ƙarshe, da wa yake husuma, wa ake zato? Mutanen suka sunkuyar da kai, suka ɗan yi ƙus-ƙus a tsakaninsu cikin harshen da ba ya ji, sa'an nan dattijon cikinsu ya amsa masa a taƙaice, cewa abin da ya faru nufin Allah ne, kuma gare Shi suka bar al'amarin.

Wanda ya saba karanta labaran 'yan sandan ciki ya san ƙa'idarsu: duk wanda aka tambaya ya kame bakinsa, to, akwai lauje cikin naɗi. A nan kuwa ƙa'idar ba ta cika aiki ba. Mutanen nan suna iya yin shiru alhali hannunsu bai taɓa jini ba, domin kame baki wani ɓangare ne na ibadarsu. Suna kuma iya yin shiru a kan abin da bai kamata a binne shi ba. Ɗan sanda bai san wane irin shiru ke gabansa ba, haka shi ma mai karatu. A kan wannan ruɗu aka gina wani reshe na adabin Amurka wanda ya bunƙasa daga shekarun 1990 zuwa yau, watau ƙagaggun labaran binciken kisan kai a cikin jama'ar Amish. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, armashin waɗannan labarai yana cikin karon da shari'a biyu suke yi: ta hukuma, mai neman sunan mai laifi don ta hukunta shi, da ta jama'a, mai neman tubansa don ta mayar da shi cikin dangi. Tsakanin su biyun kuwa akwai wanda aka zalunta, wanda sau da yawa shi ake mantawa da shi.

Su Wane Ne Amishawa?

Amishawa wata ƙungiya ce ta Kirista wadda tushenta yake ƙasar Suwizalan. A shekarar 1525, a birnin Zurik, waɗansu matasa suka fito da ra'ayin cewa baftisma, watau wankan shiga addinin Kirista, ba ta dace da jariri ba, sai baligin da ya zaɓa da hankalinsa. A zamanin nan coci da hukuma tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, don haka aka ɗauki wannan ra'ayi a matsayin tawaye. Aka shiga farautarsu, aka nutsar da waɗansu a kogi, aka ƙone waɗansu da ransu. A 1693 wani shugabansu mai suna Jakob Ammann ya saɓa da 'yan'uwansa a kan tsananta horo, musamman batun ƙaurace wa wanda aka fitar daga jama'a. Waɗanda suka bi shi su ne aka laƙaba wa sunansa. Daga shekarun 1730 suka fara ƙaura zuwa Fensilbaniya, inda William Penn ya kafa mulkin da ya bar kowa da addininsa. A Turai ba su saura ba, amma a Amurka sun yi albarka: a 1900 ba su wuce kimanin 5,000 ba, a 2024 kuwa sun kai wajen 400,000, kuma yawansu kan ninka cikin shekara ashirin ko kusa da haka. Manyan matsugunansu su ne gundumar Lankasta a Fensilbaniya, da gundumar Holmes a Ohayo, da arewacin Indiyana.

Keken doki ne abin hawansu. Ba sa ja wa gidajensu wutar lantarki ta gari, ba sa ajiye talabijin, kuma tufafinsu kusan iri ɗaya ne. 'Ya'yansu sukan tsaya a aji takwas, kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar musu da wannan dama a 1972. A gida wani karin harshen Jamusanci suke yi, duk wanda ba nasu ba kuwa “Ingilishi” suke kiransa, ko daga ina ya fito. Galibinsu ba su da ginin coci. A gidaje suke ibada, Lahadi ɗaya bayan ɗaya, kowace unguwa mai kamar gida talatin da bishop ɗinta. Dokokin zamansu, waɗanda suke kira Ordnung, yawanci ba rubutattu ba ne, a ka ake riƙe su.

Abin da ya fi shafar ɗan sanda a cikin aƙidarsu shi ne wannan: ba sa rantsuwa, ba sa kai ƙara kotu, ba sa shiga soja ko aikin ɗan sanda, ba sa rama mugunta. Sun yarda Allah ne ya ba hukuma takobi don ta tsare duniya, amma a ganinsu takobin nan ba na mai bin Almasihu ba ne. A gidajensu da yawa akwai wani ƙaton littafin tarihin shahidansu wanda aka fara bugawa a Holan a 1660, mai shafi fiye da dubu. Labarin da ya fi shahara a cikinsa shi ne na Dirk Willems, wanda a 1569 ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare. Dogarin da ya biyo shi ya rufta cikin ruwan, Dirk ya juyo ya tsamo shi. Aka sake kama Dirk a wurin, aka ƙone shi. Yaron da ya tashi yana jin wannan labari daga bakin kakansa ya riga ya koyi abu biyu: mutumin kirki yakan ceci maƙiyinsa ko da zai halaka, kuma ɗan aiken hukuma ba kullum da alheri yake zuwa ba. Idan mai kaki ya tsaya a ƙofarsa bayan shekara ɗari huɗu da ɗoriya, ba da wuri zai buɗe masa ciki ba.

Abin da Ya Kai Marubuta Can

A 1948 mawaƙin Ingila W. H. Auden, wanda ya amsa da bakinsa cewa karatun labaran bincike ya zame masa jaraba kamar taba, ya rubuta wata maƙala a kan sirrin daɗinsu. A ganinsa labarin yana buƙatar jama'a killatacciya, yadda kowa a cikinta zai zama abin zato, kuma jama'ar ta kasance a zahiri salihar da ba ta buƙatar ɗan sanda. Gwargwadon kamar da wurin ya yi da aljanna, gwargwadon yadda gawa za ta girgiza mai karatu. Agatha Christie sai da ta yi dabara kafin ta sami irin wannan killacewa: a 1934 ta tsayar da jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara, a 1939 kuma ta kwashi mutum goma ta kai su wani tsibiri. Marubucin yau aikinsa ya fi wuya, domin wayar hannu da na'urorin ɗaukar hoto na kan titi sun rushe kowace katanga.

A wurin Amishawa kuwa tsibirin a shirye yake, a tsakiyar ƙasa mai ɗimbin motoci. Idan yarinya ta ɓata, iyayenta ba su da hotonta da za su ba 'yan sanda, domin ba sa tsayawa a ɗauke su hoto. Idan wani ya hangi mutum da dare, abin da zai iya faɗi shi ne baƙar malafa da gemu, wanda kuwa siffar magidanta dubu ce. Sunayen zuriya kaɗan ne: a gundumar Holmes ko'ina ka juya Miller ne ko Yoder, a Lankasta kuwa Stoltzfus. Kowa ɗan'uwan kowa ne, ta jini ko ta aure. Gonar ma kanta cike take da wuraren da mutuwa za ta yi kama da tsautsayi. A littafin Linda Castillo na 2011, Breaking Silence, an tarar da mutum uku na gida ɗaya a mace cikin ramin kashin aladu, kowa ya ɗauka iskar ramin ce ta shaƙe su, sai da likita ya binciki gawa aka ga alamar duka a ka. Bugu da ƙari akwai lokacin da suke kira Rumspringa, wanda ke farawa daga shekara 16, sa'ad da matashi bai riga ya yi baftisma ba, dokar coci ba ta hau kansa sosai ba. Yawancin matasan ba sa nisa, amma marubuci ba ya buƙatar yawanci. Ɗaya da ya faɗa hannun 'yan ƙwaya ya ishe shi littafi.

Mai Bincike Tsakanin Gida Biyu

Tun da jama'ar ba ta haifar da ɗan sanda, dole marubuci ya nemo wanda zai shiga cikinta ya yi tambaya. Idan aka duba tarihin wannan reshe za a ga mai binciken yana matsowa kusa da gida sannu a hankali: da fari baƙo, sa'an nan maƙwabci, daga baya 'yar gida.

Baƙon shi ne John Book, tauraron fim ɗin Witness na 1985, wanda Peter Weir ya ba da umarninsa, Harrison Ford ya fito a ciki. Ko da yake fim ne, shi ya share wa littattafan hanya. Wani yaro Ba'amishe ɗan shekara 8 ya ga an yanka mutum a makewayin tashar jirgin ƙasa ta Filadelfiya, kuma ta bayyana cewa manyan 'yan sanda ne suka yi aikin. Book ya gudu da rauni a jikinsa ya ɓuya a gonar kakan yaron, ya sa tufafinsu, ya yi tatsa, ya taya su ginin barga. Amma hali zanen dutse: ranar da waɗansu 'yan iska suka wulaƙanta Amishawa a gari, su suka haƙura, shi ya kai naushi, naushin nan kuwa shi ya tona maɓoyarsa. A ƙarshe Book ya hallaka biyu daga cikin miyagun, amma babbansu abin da ya karya shi daban ne. Yaron ya kaɗa ƙararrawar gida, maƙwabta suka baro gonakinsu suka taru hannu wofi, suka tsaya suna kallonsa. Ya ga ba zai iya kashe idanu masu yawa haka ba, ya saduda.

Maƙwabcin kuwa yana cikin littattafan P. L. Gaus, wanda ya koyar da ilmin kimiyyar sinadarai a wata kwaleji ta garin Wooster, kusa da gundumar Holmes. A littafinsa na farko, Blood of the Prodigal, na 1999, wani bishop ya fitar da ɗansa na cikinsa daga jama'a saboda kangara. Bayan shekara goma ɗan ya dawo a ɓoye ya ɗauke yaron da ya haifa, wanda ke hannun bishop ɗin. Tsohon bai je wurin 'yan sanda ba. Ya nemi wani fasto da wani farfesan tarihi waɗanda ya amince da su, ya ɗora musu sharaɗin kada hukuma ta ji. Ana cikin haka aka tsinci gawar ɗan a kusa da gida, sanye da tufafin Amishawa, alamar ya kamo hanyar tuba ke nan aka tare shi. Farfesan ya rasa inda zai sa kansa: shugaban 'yan sandan gunduma abokinsa ne tun ƙuruciya, ga kuma alkawarin da ya ɗaukar wa tsoho. Gaus bai mai da bishop ɗin azzalumi ba. Ya nuna shi uba ne wanda ya yi imani cewa ƙaurace wa ɗansa ita ce igiyar da za ta jawo shi gida, kuma igiyar ta jawo shi, sai dai bai ƙaraso ba.

'Yar gida ita ce Kate Burkholder, wadda Linda Castillo ta fito da ita a Sworn to Silence a 2009, kuma ita ta fi duka suna. Ba'amishiya ce haihuwa da tashi, ta bar jama'ar tana da shekara 18, ta yi aikin ɗan sanda a birnin Kolumbus, sa'an nan ta komo ƙagaggen garin Painters Mill a matsayin shugabar 'yan sanda. Tana jin harshensu, ta san ta ƙofar da ake shiga, ta san abin da ba a tambayar mace a gaban mijinta. Amma kakin da ke jikinta da bindigar da ke ƙugunta sun mai da ita bare a gidan da aka yanke mata cibi. Sirrinta shi ne ƙashin bayan littafin. Tana 'yar shekara 14 wani saurayi Ba'amishe ya yi mata fyaɗe a gidansu, ta harbe shi da bindigar farauta ta mahaifinta. Mahaifin da wanta suka kai gawar wani tsohon rumbun hatsi suka ɓoye, aka hana kowa ya sake ta da maganar. A lokacin ana fama da wani mai kashe mata a yankin, kuma kisan ya tsaya cak, sai ta ɗauka shi ta kashe. Bayan shekara 16 kisan ya dawo da alamominsa na da. Idan ta faɗi abin da ta sani, ta tona wa danginta asiri, ta rasa aikinta. Idan ta yi shiru, wata mace za ta mutu. Shugabar 'yan sanda ta wayi gari tana yi wa bincikenta irin shirun da take zargin mutanenta da shi. A ƙarshe mai kisan ya fito daga cikin masu kaki, amma wannan bai wanke gidan su Kate ba, domin an rufa wa gida asiri, yarinyar kuwa an bar ta da ciwonta ita kaɗai.

Shari'a Biyu

Littafin da ya fi fito da karon nan fili shi ne Plain Truth na Jodi Picoult, na shekarar 2000. An sami gawar jariri a bargar wata gona a Lankasta, aka tuhumi wata budurwa 'yar shekara 18, wadda da fari ta musanta ko da haihuwar. Alƙali ya ba da belinta bisa sharaɗin lauyarta, wata gogaggiya daga Filadelfiya, ta tare a gidan. Daga nan aka shiga jan igiya. A kotu hikima ita ce wanda ake tuhuma ya kame bakinsa, ya musanta, ya bar mai gabatar da ƙara ya kawo hujja. A cocin Amishawa kuwa wanda ya yi laifi yakan durƙusa a gaban jama'a ya furta da bakinsa. Idan laifin babba ne a ware shi har kamar mako shida, ba a cin abinci tebur ɗaya da shi, sa'an nan a karɓe shi, kuma daga ranar an rufe maganar, ba mai sake ta da ita. Ga wanda ya tashi cikin wannan tsari, kare kai girman kai ne, amsa laifi kuwa ita ce hanyar komawa gida. Lauyar tana ƙoƙarin fid da yarinyar daga kurkuku, yarinyar tana ƙoƙarin komawa kan teburin mahaifiyarta, kuma abin da zai ba ta ɗaya yana iya hana ta ɗayan. Shari'a ta ƙare, kotu ta rufe fayil, sai a shafukan ƙarshe gaskiya ta fito daga bakin uwar yarinyar, a cikin gida, inda alƙali ba zai taɓa jin ta ba.

A nan ne wannan reshe ya bambanta da sauran labaran bincike. A wurin Sherlock Holmes, da an ambaci sunan mai laifi aiki ya ƙare, a sa masa ankwa, gari ya koma lafiya. A cikin Amishawa ambaton sunan mafarin wata wahala ce, domin mai laifin ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da Ya Faru a Zahiri

Wanda ya karanta littattafan nan a jere zai zaci Amishawa kullum cikin jana'izar kisa suke. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Kisan kai a cikinsu abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Mutumin da ake yawan ambata a matsayin Ba'amishe na farko da kotu ta samu da laifin kisa, a 1993 ya kashe matarsa, a arewa maso yammacin Fensilbaniya, shekara 300 cif bayan kafuwar ƙungiyar, kuma kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali.

Babban bala'in da ya same su daga waje ya zo. Ran 2 ga Oktoba, 2006, wani direban motar ɗaukar madara, wanda ba Ba'amishe ba ne amma sananne ne a gonakinsu, ya shiga wata makaranta mai aji ɗaya a Nickel Mines, cikin gundumar Lankasta. Ya kori yara maza da manya, ya ɗaure 'yan mata goma masu shekara 6 zuwa 13, ya harbe su, ya kashe kansa. Biyar suka rasu. Babu abin da ɗan sandan ciki zai gano a nan, domin an san mai laifi tun kafin azahar. Abin da ya ɗaure wa duniya kai shi ne abin da ya biyo baya. A ranar, kafin a binne yaran, waɗansu Amishawa suka je wurin iyalin mutumin suka yi musu ta'aziyya, suka ce sun yafe. Ranar da aka binne shi, kusan rabin waɗanda suka halarta Amishawa ne. Daga kuɗin taimakon da aka aiko musu, wanda ya haura dala miliyan 4, suka ware wani kaso ga matarsa da 'ya'yansa uku. Bayan kwana goma aka rushe makarantar tun da asuba, aka mai da wurin makiyaya. Mahaifiyar mai kisan kuma ta shafe shekaru tana zuwa mako-mako gidan yarinyar da ta fi jin rauni, wadda ba ta iya tafiya ko magana, tana yi mata wanka, tana karanta mata littafi. Da marubuci ne ya ƙaga wannan, da masu nazari sun ce ya zuba gishiri.

Sai dai tsabar tana da fuska ta biyu. A 2020 'yar jarida Sarah McClure ta buga sakamakon wani bincike inda ta tattaro shari'o'i 52 na lalata da yara a cikin Amishawa, a jihohi bakwai, cikin shekara ashirin. Waɗanda abin ya shafa sun ba da labarin yadda mai laifi kan durƙusa ya tuba, a ware shi 'yan makonni, a karɓe shi, sa'an nan a juyo kan yarinyar a ce ta yafe ta manta. Idan ta kai maganar waje, ita ce ta saɓa. Haƙurin da ya ba duniya mamaki a Nickel Mines da haƙurin da aka tilasta wa waɗannan yara daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Malamai uku da suka rubuta littafin Amish Grace a 2007, Donald Kraybill da Steven Nolt da David Weaver-Zercher, sun rarrabe tsakanin yafewa, wadda ita ce cire ƙullin zuciya, da ɗage hukunci, da kuma komawa zaman amana. Na farko yana hannun wanda aka zalunta. Sauran biyun suna da sharuɗɗa, kuma inda aka cakuɗa su, mai rauni ne ke biyan kuɗin.

Kammalawa

Ba za a rufe ba tare da faɗin aibin waɗannan littattafai ba. Kusan dukkan marubutansu bare ne. Suna cin kasuwa da sunan mutanen da ba za su kai su ƙara ba, ba kuma za su fito su mayar da martani ba. Ɗan ƙaramin garin Kate Burkholder ya ga gawawwakin da sun fi ƙarfin babban birni, littafi bayan littafi, kusan kowace shekara. A hannun raggon marubuci keken doki da malafa da ɗankwali ado ne kawai. Da za a tuɓe su a sa wa 'yan birni, labarin ba zai rasa kome ba. Irin wannan marubuci yakan faɗa ɗaya daga rami biyu: ko ya mai da Amishawa waliyyan da ba su san duniya ba, ko ya mai da su munafukan da kowace barga tasu kabari ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin nan kuwa ba ya rubuta irin wannan littafi.

Ma'aunin da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne ya duba yadda marubucin ya yi da shirun nan na farkon labari. Idan ya ɗauke shi wauta ce wadda ɗan sanda mai wayo zai fasa, to, bai fahimci mutanen ba, bai kuma san abin da ya sa Dirk Willems ya juyo ba. Idan ya ɗauke shi tsarki ne zalla, ya ci amanar yarinyar da aka ce ta yafe tun jininta bai bushe ba. Littattafan da suka yi ƙarko, irin na Gaus da Picoult da na farkon Castillo, su ne waɗanda suka bar wa kowane ɓangare hujjarsa. A cikinsu hukuma tana da ikon da za ta tsayar da mai kisa, amma ba ta da abin da za ta ce wa uwa ranar da aka watse daga kotu. Jama'a kuwa ta san yadda ake kai abinci gidan makoki, har gidan wanda ya jawo makokin, amma takan kasa kare ɗanta daga ɗanta.

Shi ya sa Kate Burkholder ta fi zama a zuciyar mai karatu. A mafi yawan littattafan akwai wurin da take tsayar da motarta a ƙofar wata gona, ta sauka da kakinta, ta yi sallama da harshen da ta sha a nono. Matar gida ta leƙo, ta gane 'yar wane ce, ta kuma ga bindigar. Kafin Kate ta yi tambayar farko, sai matar ta yanke shawarar da wa take magana, da 'yar'uwa ko da hukuma, kuma ita kanta Kate ba kullum take da amsar ba.